Abin Da Tahiru Ya Sha

SHAFI NA 19

Assalamu alaikum, mutanen wannan zaure. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rantse in ban tayar da Tahiru daga jinya a wannan shafin ba ta daina gaishe ni. To, ga shi na tayar miki da shi. Ban dai yi alkawarin za ki gode mini ba.

Wanda ya shigo mana yau, ga inda muke, kada ya zo ƙasa yana damun mutane da tambaya.

Tahiru baduku ne a Birnin Damagaram. Tun yana saurayi yake yi wa sojan bariki gyaran takalma da ɗamara, kuma a can ya fara tsintar jaridun yaran Nasara da ake zubarwa, masu zane gida-gida kamar ramukan dara, kowane mutum da 'yar ƙwarya a gefen bakinsa wadda aka rubuta maganarsa a ciki. Bai iya Faransanci ba, sai ya riƙa ƙago musu magana da kansa. Da abin ya shiga jininsa ya fara zana nasa: labarin Nomau, wani manomi mai taurin kai, da jakinsa mai kunne ɗaya. Da tawadar malamai yake zane, maganar kuma da ajami. In ya gama littafi sai ya ɗinka masa bangon jar fata, ya sa a gafaka ya rataye a bango. Shekarun ƙuruciyarsa kaf a cikin gafakar nan suka ƙare.

Abokinsa Idirisu, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, an kira shi aiki Yamai a wannan shekara da ake ta zancen Nasara za su miƙa mulki. Ya ba mutanen can labarin Nomau, suka ce ya zo da littattafan, in sun yi musu za a buga su da inji. Ana cikin wannan murna sanƙarau ya shigo gari da zafin bazara, ya kayar da Tahiru. Ya tashi, amma hannun damansa bai tashi tare da shi ba. Yau Idirisu zai zo karɓar littattafan, gobe kamyonsu, wato babbar motar da za ta kai su Yamai, zai kama hanya.

Mu je.

*

Da hantsi Tahiru ya dafa bango ya miƙe, karo na farko ba tare da an riƙe shi ba. Hannun damansa na reto a gefensa kamar ba nasa ba. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan. Ko basilla ba ya iya riƙewa, balle alƙalami. Amma a safiyar nan bai damu da hannun ba, don a ransa cewa yake ko da bai sake ja wa Nomau layi ɗaya ba, abin da ya riga ya zana ya ishe shi suna a duniya.

Ya miƙa hannun hagu ya sauko da gafakar.

Tun kafin ta iso ƙirjinsa gabansa ya faɗi. Gafakar da a da sai ya sa hannu biyu yake sauke ta, yau ta zo masa shafal.

Ya zauna a kan tabarma, ya kwance igiyar da haƙori. Bangunan jar fata suka zubo a cinyarsa, kowanne da ɗinkinsa, kowanne da adon da ya yi masa da hannunsa. Ya buɗe na farko, babu komai a ciki sai zare na lilo. Ya buɗe na biyu. Ya buɗe na uku. Ya zazzage gafakar, ya leƙa cikinta, ya ma shinshina ta. Ba ƙasar gara, ba kashin ɓera. Da hannu aka cire takardun, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Barira."

Matarsa tana tsakar gida tana wanke gero. Ta shigo tana goge hannu da gefen zane, tana ganin abin da ke cinyarsa ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ba ta tambayi me ya faru ba, kuma wannan rashin tambayar shi ya gama kashe masa jiki.

"Ina suke?"

"Maigida, ka kwanta tukuna. Jikinka bai..."

"Ina littattafaina?"

Ta fara wani zance a kan gardin likita, wato dogaran asibiti, da suka zo suka ƙone tabarmi da tsummokaran ɗakin. Ba ta kai ƙarshe ba ta bar zancen. Barira ba ta iya ƙarya ba, ko a kasuwa in za ta ce ba ta da canji sai kunnenta ya yi zafi. Ta janyo labule ta rufe ƙofa, ta durƙusa nesa da shi, ta kalli ƙasa.

"Ka shanye su."

Ya ɗauka kunnensa ne ciwon ya taɓa. Ya ce ta sake faɗa.

"Ka shanye su, Maigida. Duk ruwan da ake ɗura maka kana kwance, su ne."

Ku bar ni in ba ku yadda ta ba shi, don ita kuka ya riƙa katse ta.

Ranar da wuyansa ya sandare, idonsa ya juye, an riga an yi masa allurar likita babu wani canji. Malamin unguwa da ke yi wa mutane rubutun sha shi ma ciwon ya kwantar da shi, sauran malaman kuwa ba mai yarda ya taka gidan da sanƙarau ya shiga. A ranar mahaifiyarsa, Inna Hajara, ta iso daga ƙauyensu Dakusa a kan jakin aro, ƙafafunta sun kumbura. Tsohuwa ce da yana ta fara rufe mata ido, ba ta ganin abu sai dishi-dishi, kuma ko alif ba ta taɓa koya ba. Ta shiga ɗakin ta taɓa goshin ɗanta, ta ɗaga kai, sai ga gafaka rataye a bango, daidai inda ake rataye Alƙur'ani a kowane gida.

Ta ce, yanzu ga magani a ɗaki kuke yawon neman malam?

Sai da ta yi alwala kafin ta taɓa gafakar. Ta buɗe littafi ta kai shi dab da idonta. Ta ga jar fata irin ta laya, ta ga rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu, ta ga gidaje huɗu-huɗu a jere. Ta ce hatimi ne. Ta ce dama ta san ɗanta ba a banza yake kulle kansa a ɗaki ba.

Kuma wa ya gaya mata haka? Shi. Mahaifinsa har ya rasu bai yarda a zana mai rai a gidansa ba, don haka tun farko duk sanda Inna ta zo ta tarar da shi sunkuye a kan takarda, sai ya ce mata karatu yake. Shi ne kuma ya ja wa Barira kunne tun tana amarya, cewa ko da wasa kada ta bari Inna ta san abin da ke cikin gafakar nan.

Tawadar malamai kuwa kun san halinta, baƙin tukunya ne da ƙaro, an yi ta ne don a wanke a sha. Idirisu ya taɓa kawo masa tawadar lakwal wadda ruwa ba ya ɗauka, Tahiru ya ce wari take kuma ba ta zama a alƙalamin kara. Har yau kwalbar na nan a kan taga ba a buɗe ba.

"Kina tsaye," in ji Tahiru. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Kina tsaye ta yage."

"Ina tsaye."

"Ke kin san abin da ke ciki. Ke nake fara karanta wa. Ke kika ce in yanke wa jakin kunne."

"Na sani."

"Ba ki buɗe baki ba?"

Ta ce ta buɗe. Ta ce wallahi maganar ta zo har kan harshenta. Amma ta yaya za ta dubi surukarta, tsohuwar da ta yini a kan jaki, ta ce mata abin da kika yi wa alwala hoton jaki ne? Ta ce a ranta bari ta bar ta ta wanke shafi ɗaya, hankalinta ya kwanta, in ta fita sai ta ɗauke gafakar ta ɓoye.

"To me ya hana ki ɗaukewa?"

Barira ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun shigowarta.

"Ka buɗe ido."

Ta ci gaba, idonta a kansa.

"Da safe ka buɗe ido, ka ce ruwa. Kwana da kwanaki ba ka san wanda ke kanka ba. An riga an fara yi mini maganar likkafani a kaikaice. Aka ɗura maka ruwan nan, ka buɗe ido."

"Allura ce, Barira. Allurar likita ce ta fara aiki."

"Wataƙila. Ni ban sani ba. Ni dai abin da na gani na gani." Ta share hanci da bayan hannu. "Daga ranar ba Inna ke yagewa ba. Idonta ba ya ganin zare. Ni nake warware ɗinkin in miƙa mata."

Ni dai har yau ban iya yanke wa Barira hukunci ba. Na san wasunku za su cika mini ƙasan shafin nan da zaginta, amma duk wadda ba ta taɓa zama a kan miji tana lissafin numfashinsa ba, ta yi a hankali.

Tahiru ya jingina kansa da bango. Yana tuna ɗanɗanon ruwan, ɗaci-ɗaci da ƙanshin hayaƙi, har ya taɓa ce wa Inna wannan rubutu nata ya fi na kowa shiga jiki. Ashe Nomau ne. Ashe ranar da Nomau ya kai ƙarar jakinsa gaban kumandan Nasara ce, da ranar da suka faɗa rijiyar Mirriya, da ranar da ya sayar da gujiyarsa aka biya shi da takardar da ba ta ciyuwa a kasuwa. Mutanen zauren dukawa sun yi dariyar shafin nan har wani ya ƙware da goro. Duk shafukan nan sun bi ta maƙogwaronsa sun fita ta bayan gida.

Ya tambayi jaridun Nasara, waɗanda ya tara a ƙarƙashin gado. Ta ce waɗancan Inna ta shafa ta ji santsinsu, ta ce rubutun Nasara ne ba albarka a ciki, da su aka riƙa hura wutar dafa masa ruwan gashi.

Sai ya yi dariya. Wata irin dariya marar daɗin ji, wadda ta sa Barira ta matso da gwiwa.

"Bari in je in gaya mata," ya ce. "Bari ta san abin da ta yi."

Ya yunƙura zai tashi. Barira ta riƙe gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kafin ka je, ka ji wannan. Ka taɓa jin Inna ta kira sunanka?"

Bai taɓa ji ba. Shi ne ɗan fari, kuma Inna Hajara irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunansa ba, daga "kai" sai "yaron nan", ko yana da furfura haka za ta ce. Ko wani Tahirun daban aka ambata a gabanta sai ta kau da kai.

"Ni na ji," in ji Barira. "Tana wanke takarda a ƙwarya, ba ta san ina bayanta ba. Tana cewa, Allah ga Tahiru, Allah ga Tahiru, ka bar mini Tahiru. Yanzu duk Dakusa an san ɗanta malami ne, karatunsa ne ya tashe shi. Akuyarta guda ta yanka ta yi sadaka a kan haka. In ka gaya mata jaki ta wanke ta roƙi Allah a kansa, ka san ba za ta ƙara ɗaga kai a gaban mutane ba. Ba ma mutane ba, a gaban Allah."

Ya koma ya zauna. Hawaye ya zubo masa bai ko share ba. Babu wanda zai kama da laifi. In ya kama Inna, shi ya ce mata karatu yake. In ya kama Barira, ga shi zaune da ransa. Ya dubi hannun damansa da ke kwance a cinya, ya umarce shi ya motsa, yatsu biyu suka ɗan karkaɗa suka tsaya. Labarin duk yana nan a kansa, gida-gida, har inda jakin ke karkata kai. Sai dai daga kan zuwa takarda babu sauran hanya.

"Idirisu na zuwa," ya ce a hankali. "Me zan sa masa a hannu? Fata?"

A nan Barira ta yi saurin goge fuska.

"Akwai guda."

Ya zuba mata ido.

Ta ce na ƙarshen nan, wanda ya gama dab da zai kwanta, inda Nomau ya koma gida bayan duk yawonsa. Da ta ga gafaka na ƙarewa kuma jikinsa ya yi sauƙi, sai ta zare shi ta sa a cikin babbar tukunyar jerenta, ta kife faifai a kai. Ta ce shi ya fi kowanne kyau, har da jan karan dafi da shuni ya sa masa. In mutanen Yamai suka ga wannan kaɗai, ai za su san hannun da ya yi shi.

Wallahi sai da fuskar Tahiru ta canza. Guda ɗaya ba komai ba ne a kan abin da ya tafi, amma guda ɗaya shaida ne cewa an taɓa yin Nomau a duniya. Ya ce ta ɗauko, ta yi sauri.

Ta fita. Ya ji ƙarar tukwane a ɗakinta, ana saukewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ji an yi shiru. Ya ji an sake bin tukwanen daga farko, wannan karon da gaggawa.

Sannan daga bayan ɗaki, wajen rumfar da Inna ke zama, ya ji ana tsiyaya ruwa a ƙwarya.

Bai san sanda ya kai tsakar gida ba. Yana bin bango, yana tuntuɓe, ya ture turmi, kaji suka watse. Barira ta fito daga ɗakinta da faifai a hannu, fuskarta ta faɗa masa komai.

Inna Hajara na zaune a kan buzu, ta miƙe ƙafa, mayafinta a ka. A gefenta ga bangon jar fata a buɗe, ga tulin takardu jiƙaƙƙu fari fat an jera su a kan dutse da ladabi, don ba a yar da takardar da aka wanke a ƙasa. A cinyarta ƙwarya ce cike da ruwa baƙi mai ɗan ja-ja. Shafi ɗaya ya rage a hannunta, ta riga ta tsoma rabinsa.

Ta ji tafiyarsa ta ɗago, fuskarta cike da murna.

"Kai, har ka fito da ƙafarka? Alhamdu lillahi. Zo ka gani. Na je neman tukunyar da zan jiƙa maka tsamiya, sai ga wannan a ciki. Allah ne ya ɓoye mana shi saboda hannun nan naka."

Daga inda yake tsaye yana ganin shafin. Gidan ƙarshe ne. Nomau a ƙofar gidansa, jakin a bayansa. Ruwa ya riga ya cinye ƙafafun Nomau, yana hawa, fuskar ta fara narkewa tana gangarowa. Kunnen jakin guda ɗaya ne kawai bai jiƙe ba.

Ya buɗe baki. Ihun na nan a maƙogwaronsa, ya taso tun daga cikinsa. Sai ya ga hannuwanta, yadda tawada ta shiga duk tsagar fatarsu ta zauna, baƙin da ba na yau ba ne, na duk kwanakin da ya yi a kwance. Ya rufe bakin.

"Zauna ka sha da bisimilla," ta ce. "Saura ka shafa a hannun."

Ya zauna a ƙasa a gabanta. Ta ɗora masa ƙwaryar a tafin hagu, ta tallafa masa da nata hannun.

Ana haka aka yi sallama a zaure.

Idirisu ne, da farar rigarsa ta mushe, yana rungume da ƙaramin akwatin ƙarfe sabo fil. Tun daga zaure yake magana, yana cewa ya shimfiɗa ƙyalle a ciki don kada zafin kamyo ya taɓa takarda, ya ce ko ruwan sama aka yi a hanya ba abin da zai samu Nomau. Ya shigo tsakar gida yana dariya, ya rusuna zai gaida Inna.

Idonsa ya sauka a kan jar fatar. Ya koma kan fararen takardun da ke kan dutse. Ya koma kan ƙwaryar da ke hannun abokinsa. Dariyar ta bushe a fuskarsa, akwatin ya sulale har ƙasa.

Inna ba ta ga komai ba. Ta amsa gaisuwar da bai ƙarasa ba, ta sa masa albarka, ta ce dama shi take jira.

"Mushe, kai da ka yi na allo ka yi na lakwal. Maganin yaron nan ya ƙare, wannan ne na ƙarshe, ga hannu kuma bai warke ba. Shi in na tambaye shi kunya zai ji." Ta zaro shafin daga ruwa yana ɗiga, ta miƙa masa da hannu biyu. "Duba mini tun bai gama gogewa ba. Wace addu'a ce wannan, in kai wa malam a Dakusa ya rubuto mana irinta?"

Idirisu ya karɓi takardar. A saman kunnen jakin, 'yar ƙwaryar maganar Nomau na nan ba ta goge ba, ana karanta ta sarai.

Ya dubi Tahiru.

Tahiru ya girgiza masa kai a hankali, ya ɗaga ƙwaryar ya kai bakinsa.

"Mushe," in ji Inna, "na ji ka yi shiru. Karanta mini mana."